Yadda Za Ka Bi Tarihin Makaɗi Magnus Öström da Kunnenka

Abu na farko da ya kamata ka tanada, tun kafin ka buɗe kundi ko ɗaya na Magnus Öström, shi ne abin sauraro mai kyau na sawa a kunne, ko kuwa sifika mai fitar da ƙasan sauti. Sifikar waya ba za ta wadatar ba, domin rabin aikin wannan makaɗin gangunan jaz ɗan ƙasar Suwidin yana cikin sauti ne mai laushi ƙwarai, wato shafar burushin waya a fatar ganga, da taɓin yatsa, da dukan gangar ƙafa wanda ƙirji ke ji kafin kunne ya ji. Waya takan haɗiye duk waɗannan ta bar maka fiyano kaɗai, sai ka tashi kana ganin ka saurari kiɗan alhali mutumin da ka zo nema bai ma shigo kunnenka ba. Abu na biyu shi ne ƙaramin littafi da biro, saboda kunne yana da mantuwa, kuma abin da ka lura da shi a kundin 1999 za ka bukace shi idan ka iso na 2011. Abu na uku, wanda na fi ba wa muhimmanci, shi ne ka bi fayafayan bisa jerin shekarunsu, kada ka bar manhaja ta zaɓa maka. Rayuwar wannan mutum ta kasu gida biyu a rana ɗaya ta shekarar 2008, kuma wanda bai san yadda hannunsa yake kafin wannan rana ba, ba zai gane abin da ya sauya bayanta ba.

Kafin sauraro, riƙe 'yan bayanai kaɗan a ka. An haifi Magnus Öström ranar 3 ga Mayu, 1965, a Skultuna, wani ƙaramin gari kusa da Västerås wanda ya yi suna da masana'antar tagulla da aka kafa tun 1607. Iyayensa masu zane ne, kuma da gwangwanayen fenti na mahaifinsa ya haɗa gangunansa na farko yana ɗan shekara takwas. A wannan garin ne ya tashi tare da Esbjörn Svensson, wanda ya girme shi da shekara guda, yaron da ke kaɗa fiyano, kuma tun suna yara suka fara kiɗa tare. Ba da jaz Öström ya buɗe kunne ba. Kiɗan rok da yayansa ke saurare shi ne abincinsa na farko, sai da ya kai shekara 13 ya halarci wasan makaɗin ganguna Billy Cobham da mai jita John McLaughlin, daga nan hankalinsa ya karkata zuwa jaz. Ya yi makarantar kiɗa a Västerås, daga baya ya shiga Kwalejin Kiɗa ta Sarauta da ke Stockholm, ya kuma yi shekaru yana yi wa mawaƙiya Monica Borrfors kiɗa. A 1993 ne shi da Svensson da Dan Berglund, mai kaɗa babban bas ɗin nan da tsayinsa ya kai na mutum, suka fitar da kundinsu na farko a matsayin Esbjörn Svensson Trio, ƙungiyar da daga baya aka fi sani da e.s.t. Rubuta tushen rok ɗin nan a littafinka, domin zai yi ta bayyana a duk tsawon tafiyar.

Mataki na gaba shi ne ka san kayan aikin da sunan sautinsu, domin ba a bin abin da ba a iya bambancewa. Makaɗin jaz yana zaune ne a gaban jerin ganguna, yana aiki da hannu biyu da ƙafa biyu a lokaci guda. Ƙafar dama tana taka fedar babbar ganga mai zurfin amo. Ƙafar hagu tana buɗewa da rufe wasu fayafayan tagulla guda biyu da aka kifa ɗaya a kan ɗaya, sautinsu gajere ne kamar cizon haƙora. A tsakanin gwiwoyinsa akwai ƙaramar ganga wadda aka ɗaura wa siraran wayoyi a ƙasa, ita ce mai sautin nan mai ƙarfi da ɗan shashshaka. Sai gangunan gefe masu muryoyi daban-daban, da manyan fayafayan tagulla da ke rataye a sama. Ana dukansu da sanda, ko da sanda mai kan auduga, ko da burushin waya mai kama da 'yar tsintsiya, ko ma da tafin hannu. Nemi kowane bidiyon wasan e.s.t. a YouTube, ka kalli minti biyar kana haɗa abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji, sa'an nan ka rufe ido ka gwada faɗin wace ganga ce ta yi magana. Idan ka iya raba ƙaramar gangar da fayafayan ƙafa ba tare da kallo ba, ka isa ka fara.

Dabarar saurarona ita ce sau uku ga kowane kiɗa, kuma ina ba da shawarar ka riƙe ta ko da ta yi maka nauyi da farko. A karo na farko ka saurara kawai yadda ranka ke so, kada ka nemi komai. A karo na biyu ka ƙi bin fiyano da gangan, ka sa kunnenka a kan ganguna daga farko har ƙarshe, ko da fiyanon na ta jan hankalinka. A karo na uku ka saurari tsakanin, wato inda fiyano ya faɗi jimla ganga ta amsa, da inda ganga ta riga ta buɗe ƙofa kafin fiyano ya shiga. Kunnen da ya saba da yadda kalangu ke karɓa wa mawaƙi yana da rabin wannan ilimi tun da farko, sai dai a nan galibi babu mawaƙi kuma babu 'yan amshi, mutum uku ne kawai, kowannensu yana iya zama jagora na ɗan lokaci ya sake komawa baya. Bayan sauraro na uku ka rubuta layi biyu ko uku: da me ya yi dukan, ina ya ƙara ƙarfi, ina ya yi shiru.

Fara da kundin da suka fitar a 1996 na kaɗe-kaɗen Thelonious Monk, shahararren mai fiyano na Amurka. Ba shi ne mafi girman aikinsu ba, kuma ba sai ka daɗe a kansa ba. Amfaninsa shi ne za ka ji Öström yana tsaye kusa da al'adar jaz ta Amurka, yana rarraba lokaci a kan faifan tagulla da ɗan rangajin nan da aka san jaz da shi. Wannan shi ne ma'aunin da za ka gwada sauran da shi, domin sai ka san inda mutum ya taso kake iya auna nisan da ya yi.

Inda za ka zauna ka daɗe shi ne tsakanin 1999 da 2003. Kundin From Gagarin's Point of View na 1999 shi ne wanda kamfanin ACT na birnin Munich a Jamus ya fitar da shi zuwa wajen Suwidin, kuma daga nan ne Turai ta fara sanin su da gaske. Sai Good Morning Susie Soho a 2000, da Strange Place for Snow a 2002, da Seven Days of Falling a 2003. A cikin kundin 1999 nemi kiɗan da ake kira Dodge the Dodo, ka yi masa sauraron nan sau uku. Abin da za ka ji shi ne bugu mai sauri, mai yawan karyewa, irin wanda matasan Turai na wancan lokaci ke rawa da shi a kiɗan da injin kwamfuta ke haɗawa, amma ga shi hannun mutum ne ke yin sa a kan fata da tagulla. Nan ne, a ganina, girman Öström yake. Ya ɗauki karin kiɗan inji, wanda ba ya gajiya ba ya numfashi, ya mayar da shi abin da ke numfashi, yana ɗan ja baya a wani wuri, yana ɗan matsawa gaba a wani, ba tare da igiyar lokaci ta tsinke ba.

Don ka fahimci burushin sosai, nemi bidiyo inda kyamara ta matso kusa da ƙaramar ganga a lokacin kiɗa mai sanyi, ka rage gudun bidiyon zuwa rabi. Ka dubi hannu ɗaya yana zagaya fatar gangar a hankali kamar mai shara a tsakar gida da sassafe, wayoyin burushin a baje, ba sa barin fatar, suna fitar da sauti mai tsawo kamar iska. Ka dubi ɗaya hannun yana ɗagawa kaɗan yana sauka, gajerun taɓi da ke nuna inda bugun yake. Sautin farko shi ne shimfiɗa, na biyu shi ne taku a kanta. Idan kana son hannunka ma ya gane, shimfiɗa takardar jarida a kan tebur, ka shafa ta da tafin hannun hagu a zagaye ba tsayawa, ka riƙa taɓa ta da yatsun dama kana ƙirga huɗu-huɗu. Cikin minti biyu za ka ga hannun hagun yana so ya tsaya duk sanda na dama ya sauka, kuma a nan za ka san darajar mutumin da ke riƙe wannan na tsawon minti goma, a wani lokaci ma da gudun da ido ba ya iya bi. Makaɗa da yawa sun ɗauki burushi a matsayin kayan kiɗan sanyi kaɗai. Shi kuwa ya yi amfani da shi wajen kiɗa mai zafi, inda wani zai ɗauki sanda, kuma hakan ya bar wa fiyano da bas fili su cika ɗakin ba tare da an danne su ba.

Ka kuma lura da maimaici. Sau da yawa zai kama ƙaramin salo guda ya riƙe shi minti uku ko huɗu ba sauyi a fili, har ka fara zaton babu abin da ke faruwa. Koma baya ka kwatanta ƙarfin sautin a minti na ɗaya da na minti na huɗu, za ka tarar ya hau tudu mai tsayi da ƙananan taku waɗanda ba ka ji lokacin da ya yi su ba. Wannan haƙuri gadon rok ne da kiɗan lantarki, ba na tsohon jaz ba inda makaɗi ke yawan tsoma baki. Wani abu kuma da ya cancanci ka rubuta a gefe: Öström ne ya raɗa wa galibin kaɗe-kaɗen ƙungiyar sunayensu masu ban mamaki, don haka idan ka karanta jerin sunayen da ke bayan kundi, tunaninsa kake karantawa, ba na mai fiyano kaɗai ba.

Daga nan ka wuce ta kan Viaticum na 2005 da Tuesday Wonderland na 2006, ka sauka a Live in Hamburg, wanda aka naɗa a gaban jama'a a watan Nuwamba na 2006 aka fitar a 2007. Keɓe masa maraice guda, domin faifai biyu ne kuma ba a sauraronsa a guntule. A wannan lokaci ƙungiyar tana kan ganiyarta: a watan Mayu na 2006 suka zama ƙungiyar jaz ta Turai ta farko da mujallar DownBeat ta Amurka ta sa a bangonta. Dabarar a nan ita ce ka zaɓi kiɗa guda da ke cikin Tuesday Wonderland, ka saurare shi yadda aka naɗa shi a situdiyo, nan take ka saurari yadda suka yi shi a Hamburg. Abin da ya tsawaita, wa ya tsawaita shi? Wa ya fara ɗaga murya? Sau da yawa za ka tarar daga ganguna ne zafin ya taso. Za ka kuma ji sautuka da ba su yi kama da na ganga ba, domin Öström yakan bi da gangunansa, har da muryarsa a wasu lokuta, ta cikin na'urorin sauya sauti, kuma injiniyansu Åke Linton, wanda ake yi wa kallon mutum na huɗu a ƙungiyar, yana da hannu a yadda duk wannan ke isa kunnen jama'a.

Yanzu ka iso wurin da ya kamata ka rage sauri. Ranar 14 ga Yuni, 2008, Esbjörn Svensson ya rasu a hatsarin nutso a ruwan Ingarö kusa da Stockholm, yana da shekara 44. Ga duniyar jaz, babban mai fiyano ne ya tafi. Ga Öström kuwa, abokin yarinta ne wanda suka yi sama da shekara talatin suna kiɗa tare, mutumin da kunnensa ya girma a kan hannunsa. Kundin Leucocyte ya fito 'yan watanni bayan rasuwar, amma an naɗe shi ne tun a farkon 2007 a wani situdiyo mai suna 301 a birnin Sydney na Ostireliya, inda suka shiga ba tare da rubutaccen kiɗa ba suka yi ta ƙirƙira nan take. Ina roƙonka kada ka fara da wannan kundi. Ni da shi na fara, saboda shi aka fi ambata a labaran rasuwar, kuma abin da na ji a lokacin hayaniya ce da ƙarar lantarki da suka kore ni har tsawon watanni. Sai da na koma na bi jerin daga farko na dawo gare shi, sa'an nan na gane cewa mutum uku ne da suka san juna har ba sa bukatar taswira. Ka kuma kiyaye wani kuskure: kada ka saurare shi a matsayin makoki, domin lokacin da suka naɗe shi babu wanda ya san abin da ke tafe. Sauran abin da suka naɗa a wancan zama ya fito a 2012 da sunan situdiyon, kuma ya dace ka haɗa su biyun a mako guda.

Bayan Leucocyte, ka bar kwana biyu ko uku ba ka saurari komai nasa ba. Ba wasa nake yi da wannan shawara ba, domin shi ma ya janye daga fage na tsawon lokaci, kuma kundinsa na farko da sunansa, Thread of Life, bai fito ba sai 2011, kusan shekara uku bayan rasuwar. Idan ka buɗe shi, fara da tambayar abin da babu. Babu tsarin nan na fiyano da bas da ganguna su uku. Jitar lantarki ta Andreas Hourdakis ce ke gaba, sautin ya yi duhu ya yi faɗi, kuma tsohuwar soyayyar rok da ka rubuta a shafin farko na littafinka ta fito fili. Bai nemi wani mai fiyano ya zauna a kujerar abokinsa ya ci gaba da tsohon suna ba, kuma ina girmama shi a kan hakan. A cikin kundin akwai Ballad for E, wanda ya rubuta don tunawa da Svensson, inda Dan Berglund da mai jitar Amurka Pat Metheny suka yi kiɗa tare da shi. Saurare shi da dare, ka bi gangunan kaɗai a karo na biyu, ka ji yadda ya rage kansa ya bar wa tsirkiya magana. Wannan kundi ya kawo masa kyautar Echo Jazz ta Jamus a 2012 a rukunin makaɗin ganguna na ƙasashen waje.

Daga wannan mataki akwai sabon abin da za ka riƙa nema, wato Öström a matsayin mai tsara kiɗa, ba mai dukan ganga kaɗai ba. A Searching for Jupiter na 2013, inda Daniel Karlsson ya karɓi fiyano, da Parachute na 2016, za ka ci karo da kiɗan da ƙafarka ke ɓacewa a cikinsa idan ka ƙirga huɗu-huɗu. Idan haka ta faru kada ka ɗauka kunnenka ne ya gaza. Nemi bugun da ya fi nauyi, wanda galibi gangar ƙafa da bas ke saukewa tare, ka kira shi ɗaya, ka ƙirga da yatsu har ya dawo. Idan ya dawo a wata lamba da ba huɗu ko takwas ba, to a kan wannan lambar aka gina kiɗan, kuma da zarar yatsunka sun kama ta, jikinka zai daina tuntuɓe. Ka kwatanta hasken waɗannan kundaye biyu da duhun na 2011, ka rubuta abin da ka ji da kalmominka.

Kada ka tsallake aikinsa a ƙarƙashin jagorancin wasu, ko da a gurguje ne. A jerin kundayen Liberetto na mai bas Lars Danielsson, waɗanda suka fara fitowa a 2012, za ka ji shi yana hidima ga kiɗan wani da burushi mai taushi, kuma kundi ɗaya daga cikinsu ya isa ya nuna maka wannan fuskar. Akwai kuma E.S.T. Symphony na 2016, inda Hans Ek ya sake tsara kaɗe-kaɗen tsohuwar ƙungiyar don babbar ƙungiyar makaɗa ta Stockholm, Öström da Berglund suna ciki.

Zangon ƙarshe na wannan tafiya shi ne Rymden, kalmar da ke nufin sararin samaniya a harshen Suwidin. Wannan ƙungiya ce ta mutum uku da Öström da Berglund suka kafa tare da Bugge Wesseltoft, mai fiyano ɗan ƙasar Norway, kuma kundinsu na farko, Reflections and Odysseys, ya fito a 2019, Space Sailors ya biyo baya a 2020. Shekara goma sha ɗaya ke nan tsakanin rasuwar Svensson da fitowar kundin da tsofaffin abokan biyu suka sake zama bayan fiyano a tsarin mutum uku. Jarrabawar da za ta zo maka ita ce ka riƙa neman Svensson a hannun Wesseltoft, kuma idan ka yi haka za ka zalunci su duka. Maimakon haka, sa kunnenka a kan bas da ganguna kaɗai. Ɗauki kiɗa guda daga Live in Hamburg da guda daga kundin 2019, ka saurare su a jere, ka bi yadda gangar ƙafar Öström ke haɗuwa da yatsun Berglund a kowanne. Wajen nema a YouTube ko Spotify, rubuta Magnus Ostrom ba tare da ɗigon da ke kan haruffan ba zai fito, amma ga tsohuwar ƙungiyar ka rubuta Esbjorn Svensson Trio a cike, domin haruffan nan uku na e.s.t. kaɗai sukan jawo abubuwan da ba su da alaƙa da kiɗa. Kundin Öström na 2023, A Room for Travellers, ka ajiye shi sai ka gama da Rymden, ka buɗe masa sabon shafi a littafinka.